Wanda ke bayan Yaya Habu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Habu. Har yau in na ga bene mai hawa shida, sai da ƙafa ake hawansa, shi nake tunawa.

Kafin mu fara kwasar kayan masu sauya gida a Paris, ya yi gadi a gidan tarihin Rumawa a Lyon. Bai yi boko ba, ni ma a aji huɗu na tsaya, amma kunnensa ya sha bayanin masu zagayawa da baƙi. Can ya samo maganar da ya ishe mu da ita.

"Ilu, sojan ƙasa na Rum ba a barinsa ya yi yaƙi har ya faɗi. Na gaba ya gaji, na baya ya karɓe shi. Sarakunan Turawa da suka biyo baya kuwa, manoma suke kwasowa, a ba su mashi, a tsayar da su gaban dawaki. Ka gaji, ka mutu a wurin."

"To Janar, mu su wane ne?"

"Sai an ga wanda ke bayanka."

Haka ya tsara mu, mu biyar 'yan Damagaram. Kowa hawa biyu, ya miƙa, ya huta. Firigo, kabad, har fiyano, ba wanda bayansa ya taɓa karyewa. In mun gama mu zauna bayan kamyo, motar kayanmu, shayi na yawo, muna tsokanarsa. Ban sake jin daɗin aiki irin na lokacin ba.

Yau samarin unguwar Barbès waya ke ba su aiki, kowa shi kaɗai da kayansa. Da Habu zai gan su, cewa zai yi an koma zamanin manoma da mashi.

Wata Asabar a unguwar Belleville, ni ne na bayansa. Ban je ba. Na samu aiki mai tsoka a Montreuil, na ce masa zazzaɓi nake. Ya haɗa hawana da nasa, mutum mai shekara hamsin da bakwai. A hawa na huɗu ya zauna, bai tashi ba. Likita ya ce zuciya ce.

Abin da ya rage na Habu shi ne mutum uku da har yanzu ke aiki a tsarinsa, sai matarsa Hajiya Rabi. Duk Juma'a tana aiko mini da tuwo, tana cewa ni ne ƙanin da ciwo ya hana yin ban kwana. Na ci na shekara goma sha ɗaya, bakina a rufe.

'Yarta ce za ta karanta mata wannan shafi. Hajiya, lafiyata ƙalau ranar.