Kafaɗa ta Huɗu

Da an sallame sallar asuba, Tsoho yakan saɓa sandarsa mai garwa biyu ya nufi bazan, wurin ɗiban ruwa na unguwar Jarwal a Makka. Gida tara yake kai wa ruwa kafin rana ta buɗe, ga gwiwar hagu tana kuka kamar tsohon ƙyaure. Garwa biyun ƙarshe ba na sayarwa ba ne. Bayan la'asar yakan kai su filin ƙwallo na bayan unguwa, ya yayyafa a bakin raga, ya tsince tsakuwa, don kada mai tsaron gida ya faɗi ƙasa ta ɗaye masa fata. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa ce masa sannu.

Baƙon da ya gan shi zai ce mai ruwa ne kawai. Amma wannan shi ne Tsoho Katanga, wanda ya tsare wa kulob ɗin unguwa raga shekara goma sha huɗu. Mutanen unguwar Tandabawi har yau suna ba da labarin ranar da ya kama fenariti uku a Ɗa'if. Akwai waɗanda suka ga yatsarsa ta karye ana tsakiyar wasa, ya yagi gefen rawanin wani ɗan kallo ya ɗaure, ya koma raga. Kai ne, Tsoho, wanda 'yan gaba suka riƙa bugawa waje tun daga nesa don kada su ji kunya.

A zauren kulob akwai bangon da ake rataye hoton gwanaye. Ba girman da ya wuce wannan, kuma tun da aka kafa kulob mutum uku kaɗai suka hau. Sai ɗan wasa ya shekara biyar da ajiye ƙwallo dattawa bakwai suke zama a kansa, sau ɗaya tak. In biyar ba su ɗaga hannu ba, an rufe maganar ke nan har abada. Zaman Tsoho ya faɗo ranar Alhamis ɗin da ta wuce, a wannan shekara ta 1967.

Shi ko a jikinsa. Matarsa Rumasa'u ce ta yi mako guda abinci ba ya mata daɗi, domin ta san abin da za a tono. Shekara bakwai da suka wuce kulob ya kai wasan ƙarshe na cin kofi a Jidda, karo na farko kuma na ƙarshe. Motar 'yan wasa ta jira Tsoho a Jarwal bayan azahar har direba ya gaji ya tayar. Aka sa wani a raga, aka ɗura musu huɗu. Washegari aka tambaye shi ina ya shiga, ya ce, "Uzuri ne ya kama ni." Bai ƙara komai ba. Ka san bakin mutane ba ya zama shiru: wasu suka ce tsoro ya ji, wasu suka ce sayar da wasan ya yi. Rumasa'u ta sha jin "matar wanda ya gudu" a gidan biki, ana faɗa ana kallon gefe.

Ranar Talata ta tare shi yana ajiye garwa, ta kira shi da alkunyar 'yarsu.

"Abu Asiya, jibi ne fa."

"Na sani."

"Mahmudu yana cikin bakwai ɗin. Shi ne kyaftin ranar, kuma ya rantse sai ya tayar da maganar Jidda. Ka je ka gaya musu gaskiya mana."

"Khalas, ya isa, Ummu Asiya. Abin da na riga na sayar wa Allah ba zan sake kai shi kasuwa ba."

"Ni ban damu da hoto ba. Sunanka nake ji. In suka ƙi, an buga wa ƙaryar hatimi ke nan, har jikoki za su gada."

Ya ɗauki buta ya fita.

Ita ta daɗe da sani. Ranar wasan da ya dawo, ta ga kafaɗar rigarsa ta manne da jini, irin saɓar da sandar ruwa ba ta yi. Ta matsa wa amininsa Wada har ya faɗa mata. Wada ɗaukar shibriya yake yi a Harami, wato gadon katakon da mutum huɗu ke ɗora marasa ƙarfi su yi ɗawafi da su. Aikin yana da ƙa'ida: biyun gaba tsayinsu ɗaya, biyun baya haka, in ba haka ba gadon ya karkace, wanda ke kai ya zame. Wada kuwa dogo ne kamar falwaya. A ranar wasan, abokin kafaɗarsa yana kwance da zazzaɓi, ga wata tsohuwa, Iya Ummulkhairi, wadda ta yi shekara tara a hanya, ta Chadi da Sudan, ta iso Makka ba ta iya ko zama. Ba ta da komai a hannu, kuma duk wanda ya dube ta ya san ba za ta kai Juma'a ba. Mutum uku suka yarda su ɗauke ta don Allah. Saura dogo na huɗu.

Wada ya fito neman mutum, sai ga Tsoho da takalman ƙwallo a hammata, zai je wurin mota.

"Sa'a ɗaya ce, ya sheikh," in ji Wada. "Ka samu tasi ka bi su."

Ba ta zama sa'a ɗaya ba. Tsohuwa ta riƙa suma, ana saukewa a shafa mata zamzam, ta farfaɗo ta ce a ci gaba. A zagaye na huɗu Wada ya ce masa ya tafi, za su san yadda za su yi. Tsoho ya dubi gadon, ya dubi sauran biyun da ba su kai masa kunne ba, ya gyara kafaɗa. Suna sauke ta a Marwa ana kiran la'asar, daidai lokacin da ake hura usur a Jidda. Bayan kwana biyu ta rasu. Tsoho ya ce wa Wada, "In ka faɗa wa 'yan kulob, ni da kai mun rabu."

Ranar Laraba Rumasa'u ta yafa mayafi ta sauka wurin Wada. Ba ta taɓa yin abu a bayan mijinta ba.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta ce. "Ka je ka faɗa."

"Zai daina yi mini magana, ya ukhti."

"Ni ma wataƙila. Amma kai ka tare shi a hanya."

Wada ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ɗayyib, zan je."

Ranar Alhamis ta wuni tsakanin ƙofa da murhu. Shinkafa ta kama, ba ta ji ƙauri ba sai da maƙwabciya ta yi magana. Tsoro biyu ne suka sa ta a tsakiya: kada dattawa su ƙi, kada kuma mijinta ya ƙi yafe mata.

A zauren kulob Wada ya faɗa wa dattawa duka. Mahmudu dai bai sauka daga bakansa ba. "Ladansa yana wurin Allah," in ji shi. "Mu goma da muka tsaya aka ɗura mana huɗu fa? Wannan bango na ƙwallo ne." Maganarsa ba ta banza ba ce, wani dattijo ma ya bi shi. Aka ce a ɗaga hannu. Biyar cif.

Rumasa'u ta bi Wada har fili. Suka tarar da Tsoho a durƙushe yana tsintar tsakuwa.

"Mabruk," in ji Wada. "Za a rataye hotonka."

Tsoho bai ɗago ba. "Ka faɗa musu?"

"Ni na aike shi," in ji Rumasa'u.

Ya ci gaba da tsintar tsakuwa. Da ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa. "To an biya ni a nan ke nan. Me zan tarar a can?"

"Shekara bakwai kana shan zagi ba ka buɗe baki ba," ta ce. "Yau ma ba kai ka buɗe ba. In da laifi, a rubuta a kaina."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya miƙa wa Wada garwa ɗaya, ya ce, "Ɗaya ragar ba a yayyafa mata ba." Har yau Rumasa'u tana duban fuskarsa in ya shigo gida.

Tsoho, na san wannan rubutun ma ba zai yi maka daɗi ba, ka yi haƙuri. Kai ne ka tsare raga shekara goma sha huɗu, ka bar ta rana ɗaya domin wadda ba ta san sunanka ba. Mun gode, Allah ya ajiye maka naka cikakke. Ku kuma samarin Jarwal, in kun shiga zaure za ku ga hoton ya yanke daga wuya, kafaɗar ba ta fito ba. Ku je bazan da asuba ku gan ta, ku kama masa garwa ɗaya.