Makullin Lambun Mama Rahila

Ranar Talata da hantsi, ina cikin aji ina rubuta wa yara aiki a allo, wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Da na ga sunan Ngozi sai na bar kiran ya katse, domin ba ranar na fara ƙin ɗaga wayarta ba. A kira na uku na fita baranda. Ta ce, "Anti Saratu, Mama ta tafi." Mama ta yanke jiki ta faɗi ne a bakin rijiyar lambunta, bayan gidanmu na Samaru, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Kanta yana bisa cinyar Ngozi.

Zan faɗi gaskiya a gaban masu makoki, ko da ba za ta yi mini ado ba. Kafin hawaye ya zo, kishi ne ya fara soka ni. Ni Mama Rahila ta haifa, ni kaɗai ce 'yarta mace, amma sai a bakin wata mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari na ji mutuwar uwata.

Mama ta yi shekarun aikinta a gonar gwaji a Samaru, tana renon irin shuka. Da ta yi ritaya sai ta kewaye filin bayan gida, ta yanka shi fangali-fangali, wato ƙananan gadajen shuka irin na 'yan lambu, ta sa masa ƙofar kwano da kwaɗo. Ba ta taɓa kafa allo ba, amma labari ya bazu cewa akwai wata tsohuwa da ake kai wa masu ciwon damuwa. Ɗalibin da fargaba ta hana shi shiga jarrabawa ya zo, matar da mijinta ya rasu ta zo, dattijon da ya bar aiki ya rasa dalilin tashi da safe shi ma ya zo. Kirista da Musulmi duk guga ɗaya suke ja.

Ba ta tambayar mutum abin da ke damunsa. A bakin ƙofa akwai kwando, nan kowa yake ajiye wayarsa. Wanda ya zo a bas, ta ce gobe ya sauka tun kafin ya iso, ya ƙarasa da ƙafa. Takan ce, "Rana magani ce, amma ba ta bin mutum ɗaki." Ranar Asabar a tsinki yakuwa da alayyafo, a dama fate a babbar tukunya, a ci tare a ƙarƙashin mangwaro. A wurin cin nan ne bakin mutane yake buɗewa da kansa, ita kuwa ta yi ta sauraro tana ɓare gyaɗa.

Dokarta guda ce, kuma ba ta sassauta ta ga kowa. Duk wanda ya zo za ta yanka masa fangalinsa, amma ba shi zai ba shi ruwa ba. Kai ka shayar da na wani, wani ya shayar da naka. Na taɓa tambayarta amfanin wannan wahala, ta ce, "Mai damuwa yana iya barin nasa ya mutu, amma yana jin kunyar kashe na wani."

Ta kuma san iyakarta. Wata rana wani ɗalibi ya faɗa mata cewa ya gaji da rayuwa, yana tunanin rabuwa da ita. Mama ta ajiye bokiti, ta wanke ƙafa, ta yafa gyale, ta riƙe hannunsa har asibiti, ba ta dawo ba sai da 'yan'uwansa suka iso. Ta sha faɗa wa mutanenta, "Lambu ba asibiti ba ne. Wanda likita ya ba magani ya sha abinsa, sannan ya zo ya ja ruwa."

Duk wannan gaskiya ne, kuma na ji an maimaita shi a coci ranar jana'iza. Ni dai a lokacin inuwar giginya nake kiranta a zuciyata, na nesa ka sha ta. In na zo daga gidana na Hanwa da maganata, sai in tarar da wata a zaune tana kuka, Mama ta ɗaga mini hannu alamar in jira. Na jira har na saba.

Sai Ngozi ta zo. Mijinta ya rasu a haɗarin mota, ta rufe shago, ta rufe kanta a ɗaki wata huɗu, har wata maƙwabciyarta ta jawo ta Samaru. Haihuwar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar tawa. Ta warke, ta buɗe shagonta, amma ba ta daina zuwa ba. Mama ta shuka mata ugu, ganyen miyar mutanensu, ta koya mata dama fate yadda ni ban iya ba har yau. Makullin lambu biyu ne. Ɗaya yana ɗaure a haɓar zanen Mama, ɗayan kuwa ba ni aka ba ba. Ranar da na ji Mama ta ce da baƙi, "Ga 'yata ta Sabon Gari," na tashi na bar abincina.

Shekara shida da suka wuce na haihu, yaron bai zo da rai ba. Na daina zuwa makaranta, na saki labule, barci ya ƙaurace mini, abinci ya zama kamar ƙasa a bakina. Na ce a raina yau dai layi ya zo kaina, Mama za ta zauna ta saurare ni kamar yadda take sauraron 'ya'yan mutane. Ta zo kuwa, tana ɗingishi, gwiwarta ta hagu naɗe da bandeji. Ta zauna kaɗan a bakin gado, sannan ta ce, "Saratu, gwiwar nan ta hana ni jan ruwa. Yakuwata za ta bushe. Gobe ki zo da sassafe, ki sauka kafin kwanar gida ki ƙarasa da ƙafa."

Na ce, "Ina 'yarki ta Sabon Gari?"

Ta ce, "Ngozi tana da nata."

Na je, cike da haushi. Wata uku ina jan guga ina gunaguni: wasu a ba su kunne, ni a ba ni aike. A hankali na fara jin yunwa in na gama, na fara barci, wata Asabar na ji kaina ina dariya a bakin tukunyar fate. Na koma aji. Na ce lokaci ne ya warkar da ni, na kuma riƙe Mama a zuciya shekara shida.

Kwana uku bayan jana'iza Ngozi ta kira ni gefe, ta danƙa mini makullinta a tafin hannu. Ta kai ni kusurwar lambu wajen katanga, inda wani fangalin rama yake kore shar, ta ce, "Anti, wannan naki ne. Tun wancan lokacin Mama take ba shi ruwa. Gwiwarta lafiya lau take. Kafin ki iso ta gama da naki, ta zauna in naɗa mata bandeji." Ta ƙara da cewa, "Ta ce ke ba ki karɓar tausayi, amma ba ki taɓa ƙin aikenta ba."

Na durƙusa a gaban ramar nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Kuma tun da na yi alkawarin gaskiya, a tsakiyar kukan ma kishin bai bar ni ba. Har wannan sirrin, wanda nawa ne, ita ta riga ni saninsa.

Daga ranar Ngozi ba ta sake zuwa ba. Makullai biyu duk suna jakata, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin nauyinsu. A shekarun baya-bayan nan Ngozi ce mai shayar da yakuwar Mama, Mama kuma tana shayar da ugunta. Duka biyun suka fara yaushi ina kallo. A mako na biyu aka ce mini shagonta a rufe yake.

Na same ta a ɗakinta a Dogarawa da rana tsaka, labule a sake, abincin da aka kawo mata yana rufe ba ta taɓa ba. Na san ɗakin nan, na taɓa zama a irinsa. Na zauna a bakin gado na ce, "Ngozi, gwiwata ta hana ni jan ruwa. Yakuwar Mama za ta bushe."

Ta daɗe tana kallon ƙafata, wadda ko tsumma ban ɗaura mata ba. Ta ce, "Wace gwiwar, Anti?"

Na ce, "Ta hagu."

Ta ce, "Ke ko ɗingishin ma ba ki iya ba."

Washegari da sassafe na hango ta tana tahowa a ƙasa daga kwanar gida. Na gama ba ugunta ruwa kafin ta iso. Na miƙa mata bokiti, na ɗora makullinta a kai.

Allah ya ji ƙan Mama Rahila, ya gafarta mata kurakuranta, har da ƙaryar da ta yi domin ta tashe ni. Ubangiji ya karɓe ta cikin hutunsa, ya sāka mata da alherin kowane bokiti da ta ɗora a hannun mai baƙin ciki. Ya ta'azantar da mutanen lambunta, ya ba su ƙarfin fitowa da safe. Ya yafe mini shekara shida da na yi ina fushi da mai yi mini magani, ya rage mini kishin da ya saura. Ya riƙe iyalin da ta bari: yayyena maza biyu da matansu, da jikokinta, da mu 'ya'yanta mata, ni da Ngozi. Amin.