Yadda Tumaki Suka Cinye Furannin Baɗi

Ƙarfe shida da kwata na safiyar wata Alhamis muka tsaya a bakin wani lambu a Ranuna, wani kwari a Madina, mu bakwai: ni, da ɗaliban jami'a huɗu 'yan Najeriya, da tela ɗan Sudan, da direba ɗan Cadi. Ni jiran shago nake yi, amma ni na tara mutanen, don haka ni ne shugaba.

Mai lambun wani tsoho ne Balarabe, yana kiwon ƙudan zuma. Bayan dabinonsa akwai fili da furannin daji ke fitowa idan an samu ruwa, da su ƙudansa ke rayuwa. Ciwon baya ya hana shi sunkuyo, shi ne ya nemi gayya. Umarninsa biyu ne. A yanke ciyawar da lauje. A bar ta shimfiɗe kwana uku don irin furen ya zube ƙasa. Ya faɗa, ya tafi asibiti.

Na raba lauje, na jera kowa a layi. Ba mu yi taku biyar ba babban ɗalibin ya ɗaga hannu.

"Malam, dakata. Nan cikin haramin Madina ne. Ba a yanke ciyawarsa."

"Ya shaihi," in ji direban, "kai da ka riƙe laujen a juye tun ɗazu, wace ciyawa ka yanka? Ba ka da zunubi ko ɗaya."

Muka koma inuwa. Da farko aka yi gardamar iyakar harami. Sannan aka yi ta mazhabobi. Ƙarfe tara hukunci ya fito: yankan ya halatta idan dabba za a ciyar.

"Halas," in ji telan. "Maƙwabcina na da tumaki."

Na ce tsoho fa ya ce kwana uku. Ɗalibin ya ce ciyawar da aka yasar a ƙasa ba sunanta abincin dabba. Karatuna bai kai in ja da shi ba. Muka yanke, muka ɗaure dami-dami kamar yadda ake yi a gida, direban ya loda a mota, ya kai wa tumakin. Ni kuma, da yake ba na barin aiki da datti, na sa aka share filin tas.

Bayan la'asar tsohon ya dawo. Ya damƙi ƙasa, ya murza ta a tafinsa.

"Ya waladi, ina irin?"

Ɗalibin ya jero masa hujjoji. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya ƙara ilimi, ya kawo mana shayi.

Da shekara ta zagayo aka yi ruwa mai kyau. Filin ya fitar da ƙaya. Tsohon ya bai wa wani amyoyinsa, ya daina kiwon.

Mai karatu, ina roƙonka abu ɗaya. Idan aka kira ka gayya kuma kana da shakka, ka faɗe ta tun mai gona yana tsaye a gabanka, kafin a raba lauje.