Kwalbar da Baba ya kawo daga Abhur

Goggo ba ta yar da kwalba. Yayar Babana ce, ita ta riƙe ni tun da na gama sakandare a Kano na dawo wurinsu a Jidda, kuma sana'arta haɗa humra, turaren nan na mata, tana sayar wa amare da masu jego a unguwar Sa'alaba. Ƙarƙashin gadonta cike yake da kwalabe, na zuma, na man zaitun, na maganin tari, duk a wanke a kife. In ta ga mai kyau a bola sai ta tsaya, ko da kuwa daga walima muke, cikin kwalliya.

Baba direba ne a wani babban gida a Abhur, bakin teku. Takardunmu na izinin zama, iƙama, ni da Goggo, a kan nasa suke rataye, shi kuma nasa a kan kafilinsa, mai gidan da ya tsaya masa. Kullum maganarsa ɗaya ce: iƙamarmu lafiya lau take, kada wanda ya ja mana abin da za a ɗaga ido a dube mu. Wasu baƙi suka kama ɓangaren baya na gidan suka yi kwanaki, da suka tashi aka ce Baba ya kwashe tarkacen da suka bari. Ya ga kwalabe a cikin wani kwali, ya tuna da yayarsa, ya kawo mata ba tare da ya duba ba. Washegari ya koma aiki.

Da hantsi ina shara na ga Goggo ta ɗaga wata kwalba tana kallon ta a hasken taga. Mai kauri ce, kafaɗarta a faɗaɗe, da sauran wani ruwa kalar shayi a gindinta.

“Ke, zo ki ga arziki,” ta ce. “Wannan ta amaryar gidan mai gasa kaza ce. Har da ragowar turare a ciki, irin mai ƙarfin nan da nake tsinka humra da shi. Amma wane mugu ne ya toshe mata baki? Ina zuba ruwa yana dawo mini.”

Na karɓa. A cikin wuyanta akwai wata roba a dasƙare, da wani ɗan ƙwallo da ke ƙara in an girgiza. Sai na juya takardar da ke jikinta. Turancina na makaranta ne, amma ya isa. 

“Goggo, giya ce.”

“Giyar uban wa? Kawo nan.”

“Wallahi giya ce. Ga shi an rubuta.”

Ta saki salati, ta goge hannunta a zani, ta sake gogewa, ta goge hancinta ma, don ta shaƙa har sau nawa. Muna cikin haka wayata ta yi ƙara. Maƙwabciyarmu ce ta ƙasa, haifaffiyar nan, Hausarta rabi Larabci.

“Ya binti, taftish! Masu bincike sun tare layin ta kai da ta ƙafa, gida gida suke shiga, da mace a cikinsu. Ku fito da iƙama. Yalla, yalla!”

Na leƙa ta taga. Motoci biyu, mutane a tsaitsaye a bakin shagon mai burodi. Bincike ba baƙonmu ba ne, in sun zo mukan miƙa takardu su duba su wuce. Amma ranar akwai kwalbar giya a ɗakin da aka kama da sunan Baba. Wa zai tsaya ya ji labarin kwali da baƙin Abhur? Abin da na hango shi ne Baba a tsare, da furfurarsa, mutumin da ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba, sannan mu duka a jirgi.

Goggo ta ce a jefa ta ta taga. Na ce a kan wa, a kansu? Ta ce a fasa. Na ce gilashin nan ko da taɓarya sai an ji ƙararsa a ƙasa, kuma warin zai bi ɗakin. Ɓoyewa kuwa, ɗaki ɗaya ne da falo, ina za a kai ta? Na ruga banɗaki na tuttule ruwan a masai, yana fita da kaɗan kaɗan, ƙwallon nan yana ƙwal ƙwal kamar yana kirana da suna. Na kora da ruwa da garin sabulu. Na tara kwalbar a famfo don in ɗauraye cikinta, ruwan ya ƙi shiga. An yi robar ne don a zuba daga ciki, kada a mayar. Warin yana nan daram, kuma ko na kankare takardar, duk wanda ya san irin wannan baki ya san abin da aka sayar a ciki.

Sai na dubi ƙarƙashin gadon Goggo, na ga kwalabenta a jere, kowacce da tarihinta, babu mai tambayarsu. In robar nan ta fita, wannan ma ta zama ɗaya daga cikinsu.

“Goggo, ɗora ruwan zafi. Ki kunna kasko ki zuba turaren wuta, da yawa.”

“Mai tsadar?”

“Mai tsadar!”

Na fara da wuƙa. Akwai wani siririn ƙarfe da ya naɗe wuyan ta waje, ya danne robar. Na sa bakin wuƙa a ƙarƙashinsa na ɓanɓare, yana yagewa kamar murfin gwangwani, a nan wuƙar ta zame ta yanke ni a babban yatsa. Ban ji zafi ba, jinin kawai na gani a kan tayil. Na ja robar da farce, ko motsi. Na sa haƙori, Goggo ta daka mini tsawa.

“A bakinki? Haram ɗin za ki tsotsa?”

Daga ƙasa muka ji ana buga ƙofar gidan da ke jikin namu.

Ruwa ya tafasa. Na juye a kwano, na kifa wuyan kwalbar a ciki. Goggo tana tsaye a kaina tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa. Da na ɗago, robar ta ɗan yi laushi, amma wuƙa ta yi mata faɗi, ba ta shiga tsakaninta da gilashi. Na waiga ina neman abu siriri mai ƙarfi, sai idona ya faɗa kan Goggo. Da safen tsifa ta fara ta bari, kibiyar kitso tana soke a gashinta. Na zare ba tare da na tambaya ba.

Na cusa bakin kibiyar a gefe, na danna, ta shiga kaɗan. Na ɗaga. Na matsa gaba na sake cusawa na ɗaga, ina zagayawa kamar yadda ake buɗe gwangwanin madarar gari da cokali. Gefe ɗaya ya taso, ɗayan ya koma. Na sake tsomawa a ruwan zafi. Yanzu muryoyinsu a matattakalarmu suke, ina jin maƙwabciya tana yi musu Larabci da ƙarfi, tana jan zance, Allah ya saka mata. Na naɗe yatsana da gefen hijabi, na soka kibiyar har ta lanƙwashe, na danna da duk ƙarfina.

Fau! Robar ta yi tsalle ta bugi bango ta gangaro gabana.

Ban san na iya sauri haka ba. Ruwan zafi da sabulu a ciki, girgiza, zubarwa, sau uku. Takardar ta riga ta jiƙa, soson ƙarfe ya tafi da ita, na tura ta masai. Goggo ta kafa mazurari ta juye humrar amarya, mai kauri, ruwan ƙasa, ta toshe da tsumma da leda kamar yadda take yi, ta tura ta cikin 'yan uwanta. Aka buga ƙofa. Sai a lokacin na ga robar a ƙasa. Na dunƙule ta a hannun dama, ƙwallon ciki ya yi ƙara, na matse shi ya yi shiru.

Namijin ya tsaya a bakin ƙofa, macen ta shigo tana tari saboda hayaƙi. Ta nemi iƙama. Na miƙa mata da hagu. Goggo, ko a wannan hali, sai da ta ce, “Ke, da hagu ake ba manya abu?” Na ɗaga hannun da ke naɗe da hijabi, jini ya ɓata shi, na ce wuƙa ce. Matar ta ce salamtik, wato sannu. Ta duba takardu, ta leƙa banɗaki, ta durƙusa ta ɗaga zanin gado. Ta ga kwalabe. Ta miƙa hannu, kuma a cikinsu duka ita ta ɗauko, don ta fi kyau.

Ta cire tsumman ta kai hanci. 

“Masha Allah,” ta ce. Ta ɗiga a bayan hannunta, ta shafa, ta mayar da kwalbar. “Halas,” ta ce, wato shi ke nan.

Da suka sauka na zauna a ƙasa, na kasa buɗe hannuna. Goggo ce ta ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Robar ta zana mini zobe a tafi. Muka dubi juna, sai dariya, irin wadda hawaye ke biyo ta, ni ina cewa na cire ta, Goggo, na cire ta, ita tana cewa kin lanƙwasa mini kibiya, 'yar banza, Allah ya yi miki albarka.

Har yau ba na son a buga ƙofa da ƙarfi, kuma ba na son ƙarar ƙwallo a cikin komai. Baba ya dawo ran Juma'a da iƙamarsa a aljihu, ya ci tuwo, ya ji labari. Tun daga ranar duk kwalbar da za ta shigo gidan sai ta bi ta hannuna na karanta. Waccan kuwa Goggo ta ce ba za ta kai wa amarya abin da ya taɓa ɗaukar giya ba, ko an wanke shi da ruwan teku. Ta juye humrar ta bar mana ta shafawa a gida, ta haɗa wa amarya sabuwa. Kwalbar ta kai ta bola da hannunta, ita kaɗai a duk wadda na taɓa gani ta yar.