Katakon madobiya da man kaɗe

Na dawo daga gona ban ga katakon madobiyar da na shanya a rana ba. Tun daga birni na ɗauko shi, zan yanka wa Inna abin ɗora Alƙur'ani da siririn zarton injina. Ga hayaƙi na tashi a madafa. Na nufi wurin Inna da sauri.

"Inna, ba dai kin hura wuta da shi ba?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Yana ƙarƙashin rumbu. Rana tsaga madobiya take yi. Na shafe bakinsa da man kaɗe, yadda babana masassaƙi yake yi."

Ina ta neman ilimi a waya, ashe malamar tana gida.

Ku wa kuka raina wa sani a gidanku?