Geron da Ya Kayar da Jar Saniyar Inna

Shekarun baya, da na gama karatu na koma gida Ɗanzomo, ji nake duk garin babu wanda ya kai ni sanin noma. Mahaifiyata na da shanu uku a turke, cikinsu har da wata jar saniya da ta gada wajen mahaifinta. Duk shekara sai an sha wuyar abincinsu, don haka na ware gefen gona na shuka gero na dabbobi zalla, wanda za a riƙa yanka musu ɗanye.

Abokina malamin gona ne a Gumel. Ya ce ƙasarmu rairayi ce, in sa takin yuriya kaɗan-kaɗan sau biyu, in haɗa da ɗan takin zinki. Na ce to. Da na je kasuwar Maigatari aka nuna min ƙullin zinkin, sai na raina shi. Na bar shi a can, na ninka yuriya. Wai ni mai dabara.

Gero ya tashi kore shar, masu babur har tsayawa suke suna kallo. Sai ruwa ya ɗauke kusan sati uku, ganye ya fara nannaɗewa. Da aka samu ɗan yayyafi, washegari da safe na yanko dami biyu tun daga gindi, na zube wa shanun, na shige ɗaki abina.

Da hantsi na ji muryar mahaifiyata.

"Kai, fito! Fito ka ga jar saniya!"

Na tarar da saniyar tana tangaɗi, numfashi sama-sama, sai kawai ta zube. Sauran biyun jikinsu na rawa. Wallahi na tsaya kamar an dasa ni. Maƙwabcinmu ne ya ruga da wuƙa ya yanka ta kafin rai ya fita. Jinin da ya zubo ba ja ba ne, kamar an dama laka. Ban taɓa ganin irinsa ba.

Na kira abokina.

"Me ka ba su?"

"Geron nan ne."

"Yuriya nawa ka zuba?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Innalillahi. Kwashe sauran daga gabansu yanzu, ga ni nan da likitan dabbobi."

Allura ta ceci biyun. Likitan ya ce idan gero ya sha taki da yawa, fari kuma ya kama shi, takin taruwa yake a ƙasan kara ya zama guba, musamman bayan ruwan farko. Ashe da hannuna na zuba musu.

Na je na durƙusa gaban mahaifiyata na ce, "Inna, ni ne."

Ta ce, "Na sani. Tashi ka ba waɗancan ruwa."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, kuma shirun nan ya fi min duka ciwo.

Har yau ina noman geron dabbobi. Ina auna taki yadda aka ce, zinkin ma ina sawa. In fari ya shiga, sai na jira kwanaki bayan ruwa, kuma ba na yanka daga gindi. Amma duk sanda na zuba wa shanu ɗanyen gero, ba na iya shiga ɗaki. Nan nake tsayawa a bakin turke ina kallon numfashinsu har su gama.