Ruwan Gilashin Motar Likita

Shekara ashirin da bakwai Baba Sannu ya yi yana tuƙi a gida ɗaya, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka ko ƙwarzane bai taɓa yi wa mota ba. Yaran gidan ne suka laƙaba masa sunan, don in ya ɗauko su daga makaranta, mai keke ma sai ya wuce su ya waiwayo yana dariya. Su yi ta dukan kujera suna cewa, "Baba, taka mana!" Shi ko a jikinsa. Sai dai ya ce, "Lafiya ƙalau ubanku ya ba ni ku, lafiya ƙalau zan mayar masa." Yanzu mai gidan ya rasu, yaran sun watse, saura babbar 'yar da ta zama likita. Ita yake kaiwa asibiti da safe, ya ɗauko ta da yamma. Har gobe Baba take ce masa, amma an fara jin gajen haƙuri a cikin Baban.

Abokinsa ɗaya ne a duniya, Dogo maigadi. Shekara goma sha tara suna zama a benci guda a bakin get, suna shan shayi a kofi biyu da Dogo ke ajiyewa a tagar ɗakinsa. Dogo mutum ne mai son tsafta har ta yi yawa. Fararen kaya kaɗai yake sawa, ya wanke su da kansa, ya tsoma a ruwan bula su fito fes suna ɗaukar ido. Baba Sannu ya ce masa ango ba amarya, shi kuma ya ce masa direban gawa. Kullum da sassafe Dogo ne ke wanke mota, don haka akwai makulli ɗaya a hannunsa.

To, sai Likita ta sayi wata mota ta zamani, irin wadda in ka murɗa makulli fitilu ke tashi a gaban direba kamar kanti. A jikin bambarta, ƙarƙashin kowace fitilar gaba, akwai ɗan murfi. In fitilu na kunne ka ja sandar waifa mai share gilashi, sai murfin ya ɗago, wani ɗan kai ya leƙo kamar na kunkuru, ya fesa wa fitilar ruwa, ya koma. Ranar da Dogo ya fara gani dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Ikon Allah! Mota mai wanke idonta da kanta. Kai kuwa, direban gawa, naka idon wa zai wanke maka?"

Likita ta kafa doka: ba a zuba wa tankin wanke gilashi ruwan famfo, sai wani shuɗin ruwa da take sayowa a galan. Galan ɗin a ɗakin Dogo ake ajiye shi.

An yi wata biyar lafiya. Sai wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama, mai hoton gilashi da feshin ruwa, wato tanki ya yi ƙasa. Baba Sannu ya cika shi. Bayan kwana uku ta sake kamawa. Ya sake cikawa. Kwana uku, ga ta nan, sai ka ce mai bin sa da sharri. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin mota, ƙasa a bushe. Ya matse murfin tankin, ya shafa tiyon da hannunsa ya iya kaiwa, ba danshi. Galan kuwa sai tafiya yake. Ya san ya kamata ya kai wa bakanike, amma ina! Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana gane ciwon mota da kunne, a ce ruwan wanke gilashi ya kai shi gareji? Girman kai, ba komai ba.

Ran nan da yamma suna dawowa, an yi yayyafi, wata babbar mota ta watsa musu taɓo a gilashi. Ya ja sanda, waifa ta shafe taɓon ta mayar da gilashin kamar bangon ƙasa, ruwa ko ɗigo bai fito ba. Dole ya tsaya a gefen titi ya goge da hankicinsa, masu mota na ta danna masa hon. Da suka shiga gida ya kashe mota, sai Likita ta dube shi.

"Baba, galan biyu ke nan a wata guda. Kuma yau ba ruwa. Ko dai mantuwa ce ta fara? In aikin ya yi maka yawa ka gaya mini, ba abin kunya ba ne. Sai a nemo wanda zai riƙa karɓar ka."

Ya san ma'anar mai karɓa: yau ya karɓe ka, gobe ya gaje ka. Shi kuwa in ya sauka daga wannan kujerar bai san inda zai sa kansa ba. Nan bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ni dai ina cikawa, ranki ya daɗe. Sai dai... ba ni kaɗai ke buɗe motar ba. Kuma na ga wata kwalba da shuɗin ruwa a ɗakin Dogo."

Wallahi ya san ko mene ne a kwalbar. Sau nawa ya ga Dogo na girgiza ta yana ɗiga wa ruwan ɗauraya? Bula ce, bular wanki. Bai ce Dogo ya yi sata ba, kuma da wannan ya riƙa lallashin kansa daga baya. Amma wanda ya ajiye magana irin wannan a gaban mai gida ya san inda za ta gangara.

Likita ta sa aka kira Dogo. Ta ce masa ba ruwan ne ya dame ta ba, hannun da ke ɗauka ne, don wanda ke riƙe da get yana riƙe da gidan gaba ɗaya. Ta tambaye shi ko gaskiya ne akwai kwalbar shuɗin ruwa a ɗakinsa. Dogo bai kalle ta ba. Sai ya kalli Baba Sannu, wanda ke tsaye yana goge madubin da ba shi da datti.

"Shi ya faɗa?"

"Shi ya faɗa."

"To, in shi ya faɗa, haka ne."

Ba ta kore shi ba, ita gargaɗi ta yi niyya. Shi ne washegari ya ɗaure tabarmarsa da rediyonsa da fararen kayansa, ya miƙa mata makullai da hannu biyu, ya yi mata godiyar zaman shekaru, ya fita. Baba Sannu yana cikin mota yana kallo ta madubi, ya kasa fitowa.

Kwana uku da tafiyar Dogo, fitilar ta kama.

Kai, jama'a, da a ce a ranar ya je ya faɗi gaskiya, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai ya shiga ɓoyo. Kullum da safe, kafin Likita ta fito, ya ɗebi ruwan famfo a buta ya cika tankin, ya rufe a hankali kamar ɓarawo. Ita kuwa ta ga fitila ta daina kamawa, galan ya daina tafiya, sai ta ƙara tabbatar wa kanta cewa Dogo ne. Har ta ce masa wata rana, "Ka gani ko, Baba? Mutum ba a gama saninsa." Ya ce, "Haka ne, ranki ya daɗe." Sati bakwai yana wannan aikin. Shayi ya fita ransa, sabon maigadi ya yi ta gaishe shi yana amsawa a daƙile. Matarsa ta tambaye shi ko ciwo ne, ya ce gajiya ce.

Daga ƙarshe ya gaji da kansa. Ya ajiye Likita a asibiti, ya wuce gareji. Bakaniken, wani mai ƙiba da ba ya gaggawa, ya saurare shi, ya cika tankin, ya kunna fitilun gaba, ya ja sanda. Kan hagu ya leƙo ya fesa. Na dama ya ɗago rabi ya tsaya yana dalala. Bakaniken ya kwance bamba ya sauke ta ƙasa, ya haska da tocila.

"Ga ɓarawonku nan, Baba. Gindin abin feshin ya tsage, tiyon ma ya sassauta. Ruwan yana zuba a farantin roba da ke ƙarƙashin inji, ya taru a can, sai mota ta hau titi ya zube. Shi ya sa ba ka ganin komai a ƙasa." Ya shafa cikin bambar da yatsa. "Amma wannan ba da kansa ya tsage ba. An bugi wani abu ta nan."

Baba Sannu ya dubi wurin. Ya tuna. Wata safiya da ya zo fita, bai ga gindin ƙarfen get ba, ya ɗan doke shi ta dama. Ɗan duka ne, ko alama bai bari a waje ba sai wani siririn zane, wanda ya goge da man mota kafin kowa ya gani. Bai gaya wa kowa ba, don shi ne mutumin da bai taɓa ƙwarzanar mota ba.

A ranar, kafin su bar harabar asibiti, ya gaya wa Likita komai, tun daga ƙarfen get har butar famfo da kwalbar bula. Ta saurare shi har ƙarshe. Sannan ta ce, "Baba, ba ka kyauta ba. Ni ma ban kyauta ba. Ka je ka nemo shi, ka ce na ce ya dawo."

Ya sha tambaya kafin ya same shi, a bakin wani ɗakin ajiyar siminti a ƙarshen gari, yana gadi. Fararen kayan sun koma ruwan toka. Dogo ya miƙe ya ba shi kujerarsa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, kamar jiya suka rabu. Baba Sannu ya kasa zama. A tsaye ya zayyana masa abin da bakanike ya gano, ya ce shi ne ya bugi get, shi ne sanadin komai.

"Na sani," in ji Dogo.

"Ka sani?"

"Ba ni na buɗe maka get ɗin ba? A idona ka buga. Kuma ni ke wanke motar. Kullum in na sa hannu ƙarƙashin bamba ta dama sai ya fito da shuɗi."

"To me ya sa ba ka faɗa ba, Dogo? Ranar da aka tsayar da kai, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa a ce idonka ya fara mutuwa, a karɓe maka makulli? Ni gadi ko'ina zan samu. Kai wa zai ba tsoho mota? Na yi ta jira ka kai ta gareji a gyara a ɓoye, magana ta mutu. Ban taɓa zaton ta kaina za ka bi ba."

Hawaye suka zubo wa Baba Sannu, tsoho da furfurarsa, a gaban leburori masu sauke buhuna. Ya ce a yafe masa don Allah. Ya ce Likita ta ce ya dawo, ɗakinsa na nan, yau ɗin nan in ya yarda.

"Na yafe maka tun kafin in kai bakin titi," in ji Dogo. "Ka yi mata godiya, ka ce na ji daɗi da ta san ban ɗauki kayanta ba. Amma dawowa, a'a. In na dawo, kullum sai na buɗe maka get, kai kuma kullum sai ka sunkuyar da kai. Ba zan iya kallon haka ba, kai ma ba za ka iya ba."

Wata babbar mota ta yi hon a bakin ƙofa. Dogo ya ce masa ya gaida gida, ya juya ya tafi jan ƙofar. Baba Sannu ya ɗan tsaya ko zai waiwayo, amma aiki ya riga ya ɗauke shi. Lokacin ɗauko Likita ya yi, sai ya shiga mota ya tafi.